Wanda Ya Yanka Ledar Hujja

Ni na fara buɗe kabad ɗin, saboda haka ni na fara shan kallo.

Ranar Litinin ce da safe. Na shigo ofis na ajiye jaka, na kunna fanka, sannan na ɗauki makulli na nufi kabad ɗin ƙarfe da muke ajiye kayan hujja, don Darakta ta ce in fito da ƙarfen Baba Mai-zarto a shirya shi, jibi za a shiga kotu. Ledar tana nan inda take, a ninke tsaf kamar mayafin da aka goge, jan salatif ɗin da aka liƙe bakinta da shi ko ɗagawa bai yi ba. Da na ɗauke ta sai na ji ta shafal. Babu komai a ciki.

Ni sakatariya ce a ofishin taimakon shari'a na makarantar lauyoyi, wanda ɗalibai ke kira kilinik. A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi yana da darussan dole, yana da na zaɓi, kilinik kuwa yana cikin na zaɓin. Wanda ya ɗauke shi sai a haɗa shi da 'yan'uwansa biyu, a ba su ƙarar wani talakan da ba shi da halin ɗaukar lauya, su yi ta aiki a kanta ƙarƙashin Darakta. A takarda an ce don taimakon marasa ƙarfi aka yi. Ni da na daɗe a kan kujerar nan na san koyon aski ake yi, talaka ne ke ba da kansa.

Baba Mai-zarto a kamfanin yankan katako ya tsufa. Wata rana murfin ƙarfen da ke rufe zarton injin ya fice, zarto ya tafi da yatsun hannunsa na dama. Kamfani ya ce murfin lafiyarsa ƙalau, Baba ne ya cire shi da gangancinsa. Wani abokin aikinsa ne ya fitar masa da murfin a ɓoye cikin buhun garin katako. Tsagagge ne, tsatsa ta ci tsagar, an ɗaure shi da waya, ko yaro ya gani ya san ya daɗe a haka. Wannan ƙarfen shi ne bakin Baba a kotu. Kamfani ya yi masa tayin sulhu, ɗan abin da ko jinyar hannun bai biya ba, aka ce tayin na nan har ranar da za a shiga kotu. Baba ya ce muddin ƙarfensa na nan, ba zai dangwala ba.

Kafin in gama salati labari ya zagaye makaranta. Ɗalibai suka cika baranda da fararen rigunansu, kowa ya zama mai gabatar da ƙara. Wasu suka ce Iya mai shara ce, ai kullum tana tsintar tsofaffin ƙarafa tana sayarwa. Wasu suka ce Ɗan-gata ne, ɗaya daga cikin ɗaliban da ke riƙe da ƙarar, tunda ofishin kawunsa ne ke kare kamfanin. Wasu kuma ni suke kallo ta wutsiyar ido, saboda makullin da ke hannuna. Mutanen da aka shekara ana koya musu cewa ba a kiran mutum mai laifi sai an tabbatar, ga su nan sun rataye mutum uku kafin rana ta ɗaga.

Darakta ta rufe ƙofa ta jingina da ita.

"Kada wanda ya kira min 'yan sanda," ta ce. "Sunan makaranta ba zai shiga bakin duniya ba." Ta juyo ta dube ni. "Anti, je ki kira min Mai-Sawu."

* * *

Mai-Sawu tsohon ɗan sandan ciki ne. An ce mahaifinsa bin sawun shanun sata yake yi, a wurinsa ya koyi kallon ƙasa, har yau kuma kansa a sunkuye yake tafiya, shi ya sa ɗalibai suka laƙaba masa sunan. Da ya yi ritaya aka ba shi wani darasin zaɓi mai suna Kula da Hujja. Kusan babu mai zaɓarsa. Yara duk ajin dokar kamfanoni da na haraji suke rubibi, can maiƙo yake. Shi kuwa an tura nasa can ƙarshen mako da tsakar rana, a ɗakin da fankarsa ta mutu.

Ya shigo bai gaisa da kowa ba, ya durƙusa gaban kabad ɗin ya duba kwaɗon.

"Ba a taɓa shi da ƙarfi ba. Makulli nawa ne?"

"Nawa, da na Darakta, sai wani a cikin durowar nan," na ce.

"Wa ya san da na durowar?"

"Wa bai sani ba?"

Ya yi tsaki. Ya zaro farin hankici ya ɗaga ledar ta kusurwa, ya dubi jan salatif ɗin da sa hannun da ke kansa, sannan ya juya ta. A gindinta aka yanka, yanka ɗaya a miƙe, da reza. Ya daɗe yana kallon yankan nan. Na ga fuskarsa ta canja kamar wanda ya ga takalmin ɗansa a ƙofar gidan caca.

"Me ya sa ɓarawon bai tafi da ledar gaba ɗaya ba?" Darakta ta tambaya.

"Jan salatif ido yake ja, ranki ya daɗe. Ƙarfe shi kaɗai kuwa yana shiga jakar littattafai."

Ya ajiye ledar, ya koma ƙasa. Ya shafa hankicin a gefen ƙafar kabad, ya ɗago shi da ɗan baƙin tabo, garin katako haɗe da tsohon man inji. Ya bi shi a tsugune zuwa bakin ƙofa, a nan ya tsaya. An share barandar fes.

* * *

Iya mai shara muka tarar a ɗakin tsintsiya, tana zaune a kan bokiti, wasu ɗalibai sun tsare ƙofa kamar sun kama kura. Tana ganinmu ta jawo buhunta ta zazzage da kanta. Gwangwanaye ne, da ƙafar kujera, da kunnen wata tsohuwar fanka.

"Ga shi nan, Malam, a duba," ta ce. "Tun kafin a haifi waɗannan nake share wurin nan. Ko biro na tsinta, Anti nake kai wa. Anti, ƙarya na yi?"

"Ba ki yi ba, Iya."

"Babu mai cewa kin ɗauki komai," Mai-Sawu ya ce. "Yau kin share baranda?"

"In ban share ba a ce ba na aiki, in na share a ce na ɓatar da sawu. Ina zan sa kaina? Kuma ka ga tsintsiyar, wani baƙin maiƙo ya ɓata min ita, tun daga nan har saman bene nake fama da shi. Yaran nan ba su san darajar wahalar mutum ba."

Ya karɓi tsintsiyar ya shinshina bakinta, ya miƙa mata. Ya juya ya dubi masu tsaron ƙofa, ya ce su ba dattijuwa hanya. Suka watse suna gunaguni, don an ƙwace musu nama a baki.

* * *

Ɗan-gata a cikin motarsa muka same shi, ya kunna sanyi, ya kishingiɗa. Ko ƙasa bai sauko ba sai da Mai-Sawu ya ƙwanƙwasa gilashi sau biyu.

"Na san abin da ake faɗa, Malam," ya ce. "Ofishin kawuna ne ke kare kamfanin, can kuma nake zuwa sanin makamar aiki. Na gaya wa Darakta tun ranar farko, ta ce ba komai, ba za ta sake rabon ƙararraki saboda ni ba."

"Me ya kawo ka kilinik?"

"Ba shi da jarrabawar rubutu."

"Ka taɓa riƙe ƙarfen?"

Ya dubi farar rigarsa ya yi dariya. "Da wannan rigar? Malam, bari in gaya maka gaskiya. In da kawuna na son ƙarfen nan ya daina amfani, ba sata zai aike ni ba. Ɗage shari'a kawai zai yi ta nema. Yau ba shi da lafiya, gobe shaidarsa ta yi tafiya, har Allah ya karɓi ran tsohon. Abin da doka ta ba ka kyauta, me zai sa ka tsallake katanga ka ɗauka?"

Na ji kamar in mare shi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu ƙarya ko ɗaya a maganarsa.

* * *

Gimbiya, mace ɗaya tilo a cikin ukun, a ofishina take zaune tana sharɓar kuka, kwalli duk ya zubo mata. Na ɗauka tausayin Baba ne, har na miƙa mata ruwa.

"Anti, shike nan mun shiga uku," ta ce. "Dama can shekarar nan ta lalace mana."

Mai-Sawu ya ja kujera ya zauna. "Ta yaya ta lalace?"

"Malam, ba ka san dokar kilinik ba? In zango ya ƙare ba a rufe fayil ɗinku ba, babu maki. Sai ku maimaita shekara. Sauran duk an ba su rigimar ɗan haya da mai gida, zama biyu an sasanta, an rufe. Mu aka haɗa mu da tsoho mai taurin kai. An ba shi sulhu ya ƙi. In aka shiga kotu jibi, wa ya san ranar fita? Zango kuwa ya kusa ƙarewa."

Dokar nan Darakta ce ta ƙirƙiro ta, ni na buga ta. Masu ba kilinik tallafi fayilolin da aka rufe suke ƙirgawa a ƙarshen shekara, ba sa tambayar yadda aka rufe su.

"Waɗanne darussa kika zaɓa bayan kilinik?" ya tambaye ta.

"Dokar haraji, sai Kula da Hujja."

Ya ɗago kai ya ƙare mata kallo. "Kina ajina?"

Ta sunkuyar da kai. "Sunana na ciki, Malam."

Duk da baƙin cikin da nake ciki sai da na danne dariya.

* * *

Na ukunsu shi ne Gwani. Shi ba sai an neme shi ba. Yana can wajen benci a ƙofar kilinik, ya durƙusa gaban Baba Mai-zarto, shi ya kira tsohon ya sanar da shi abin da ya faru.

Gwani kowa na sonsa, har da ni. Shi ne kan ajinsu tun shekarar farko, rigarsa ɗaya ce amma kullum a goge take. Shi ke zuwa gidan Baba ya ɗauki bayani, shi ke riƙe masa kofi in za a ba shi ruwa, har tsohon na kiransa ɗansa. Shi ne kuma mutum ɗaya da bai taɓa fashin ajin Mai-Sawu ba. Sau da yawa nakan hango su ta taga a ɗakin nan mai zafi, malami ɗaya da ɗalibi ɗaya, sauran kujerun babu kowa.

Baba na zaune, dungulmin hannunsa a cikin aljihu kamar yadda ya saba. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba. Ƙasa kawai yake kallo.

"Yaushe rabonka da ƙarfen?" Mai-Sawu ya tambayi Gwani.

"Ranar da muka liƙe ledar, Malam."

Bai ƙara tambayarsa komai ba, ni kuma ban ga laifin hakan ba. Wa zai tsaya tuhumar Gwani?

Baba ya ɗago. "Malam, kai aka ce ka iya bin sawu. Don Allah ka gaya min gaskiya, za a gan shi?"

"Ana dubawa," in ji Mai-Sawu.

"Ɗan nan nawa ya ce in babu ƙarfen, ko mun shiga kotun ba mu da abin riƙewa."

"Ana dubawa, Baba."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Tsohon ya gyaɗa kai, ya dafa Gwani ya tashi, Gwani ya raka shi bakin titi ya hau mota.

Da aka tashi aiki, ina rufe tagogi, na hango Mai-Sawu yana hawa bene a duƙe, yana shafa hankicinsa a kusurwar kowace matakala, inda tsintsiya ba ta kaiwa. Ƙofar fita makaranta a ƙasa take, shi kuwa sama ya nufa. Ya jima kafin ya sauko, hannunsa babu komai.

"Gobe da rana ki tara min su duka a kotun gwaji," ya ce. "Har da ke, har da Iya."

"Ka ga wani abu ne?"

"Gobe," ya ce, ya wuce.

* * *

Kotun gwaji a saman bene take. Ɗaki ne da aka ƙawata kamar kotun gaske, da kujerar alƙali, da akwatin shaida, inda ɗalibai ke wasan shari'a ana ba su maki. A bayan kujerar alƙalin akwai wata tsohuwar adaka cike da hujjojin wasa: wuƙar katako, bindigar roba, riga mai jan fenti.

Muka jeru a bencin gaba, ni da Iya da ɗaliban uku. Darakta ta zauna gefe tana karkaɗa ƙafa. Mai-Sawu ya shigo da ledojin hujja guda biyar, kowace da dutse a ciki, an liƙe bakinta da jan salatif an sa hannu a kai. Ya ajiye wa kowa ɗaya, da reza.

"Kowa ya fitar min da dutsen," ya ce. "Yanzu."

Iya ko kallon rezar ba ta yi ba, haƙori ta sa ta yage. Ɗan-gata ya tsaga salatif ɗin ta tsakiya. Gimbiya ta huda cikin ledar tana kaffa-kaffa da farcenta. Ni kuma na kama bakin salatif ɗin ina ɓarewa, yadda nake buɗe ambulan.

Gwani hannunsa ne ya riga shi. Kafin ya yi tunani ya riga ya juya ledar, gindinta sama, ya ɗora reza a kusurwa. Sai ya tsaya cak. Ya dubi hannunsa, ya dubi namu. Ya ajiye rezar a hankali.

"Ƙarasa mana," in ji Mai-Sawu. "Yanka ɗaya, a miƙe, nesa da sa hannu. Ba haka na koya maka ba?"



"Ranki ya daɗe," ya ce wa Darakta, amma idonsa na kan Gwani, "duk mai buɗe leda ta baki yake buɗewa, haka Allah ya yi mutum. Wanda aka koya wa kula da hujja ne kaɗai ke barin hatimi lafiya ya yanka ta gindi, don a san wa ya liƙe, a san wa ya buɗe. A makarantar nan aji ɗaya ake koyar da haka. Ajin nan kuwa mutum ɗaya ne ke zuwansa."

Ya zagaya bayan kujerar alƙali, ya sa safar hannu, ya buɗe adakar. Daga ƙarƙashin wuƙar katako da bindigar roba ya ɗago wani abu mai nauyi, an naɗe shi da farar takarda an ɗaure. Ya ajiye a kan tebur ya kwance. Murfin zarton ne, da tsagarsa, da tsatsarsa, da wayarsa.

"Dubi naɗin," ya ce. "Ko tsatsar bai bari ta goge ba. Ban taɓa samun ɗalibi kamarsa ba."

Gwani ya zame daga benci ya durƙusa. "Malam, wallahi ba sata na yi ba. Ajiye shi na yi. Ban karɓi komai a hannun kowa ba."

"Na sani. Da ka karɓa, da na fi gane maka."

"In na maimaita shekara tallafin karatuna ya yanke, babu mai biya min. Gidanmu duka ni suke jira." Yana magana hawaye na zuba. "Kuma na duba, Malam, na duba sosai. Shari'ar nan cinye shi za ta yi. Sulhun ya fi masa. Na gaya masa, ya ƙi ji. Na ce in ƙarfen ya ɓace na ɗan lokaci, zai karɓa, ya huta, mu ma a rufe mana fayil."

"Kai ka duba," Iya ta ce. "Hannunka aka yanke?"

Darakta ta miƙe, fuskarta ta yi fari. Na san ba Baba take tunani ba, dokarta take tunani, da wanda zai tambayi inda yaro ya samo dalilinsa.

"To alhamdu lillahi, an gan shi," ta ce da sauri. "Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan. Gobe mu shiga kotu da abinmu."

A daidai nan aka turo ƙofa.

* * *

Baba Mai-zarto ne, yana haki saboda hawan bene. An ce masa muna sama. Ya yi sallama, ya cire takalmi a bakin ƙofa, duk da ba a cirewa.

"Na zo in yi muku godiya ne," ya ce. "Kun yi iya ƙoƙarinku, Allah bai nufa ba. Jiya mun kwana muna shawara da mai ɗakina. Ta ce tunda ƙarfe ya tafi, kada mu yi biyu babu. Da safe na je wurin lauyoyin kamfani."

Ya ɗaga hannun hagu. Babban yatsansa shuɗi ne da tawada.

Sai a lokacin idonsa ya kai kan tebur. Ya taka a hankali har gaban ƙarfen, ya tsaya. Ya sa yatsan nan mai tawada ya taɓa wayar.

"Yaushe aka gan shi?"

Ya juya ya dubi Mai-Sawu.

"Jiya da yamma," in ji Mai-Sawu, a hankali.

"Jiya," Baba ya maimaita.

Ban taɓa jin tsanar mutum kamar yadda na ji ta Mai-Sawu a lokacin nan ba. Lambar wayar tsohon na kan teburina. Kalma ɗaya ce, an gan shi, ka jira. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Ɗan sanda ne, ɓarawo yake nema, mai kaya kuwa ko ya jira ko kada ya jira. Ya bar ƙarfen ya kwana a adaka don ya samu ya jera mu a benci ya raba mana reza. Shi ma ya san haka, don kansa da kullum ke sunkuye ya ƙara sunkuyawa.

"Ranki ya daɗe, ba za a iya warwarewa ba?" na tambayi Darakta.

"Ya dangwala da kansa, a gaban shaidu, babu wanda ya tilasta shi," ta ce. "In za a warware sai mun tsaya gaban kotu mun faɗi abin da ya faru a nan." Kowa ya gane ba za a faɗa ba.

Baba bai fahimci abin da ya sa Gwani ke durƙushe ba, har ya miƙa hannu zai ɗaga shi. Iya ce ta kasa haƙuri. Ta gaya masa komai tiryan-tiryan, yadda aka yanka leda, da inda aka ɓoye ƙarfe, da maganar fayil da maki. Darakta na ta yi mata alama da ido, ta ƙi kallonta.

Tsohon ya saurara har ƙarshe. Ya janye hannunsa ya mayar gefe. Na zaci zai tsine, na ma so ya tsine, da ko ni na samu sauƙi. Ya daɗe yana kallon yaron da yake kira ɗansa.

"To, ɗana," ya ce, "ka ci jarrabawar taka?"

Gwani ya kifa kai a ƙasa yana kuka. Baba ya jira amsa, da gaske jiranta yake yi. Da bai samu ba ya juya, ya sa takalminsa da ƙyar, ya kama ƙarfen bene da hannun hagu ya fara sauka.

Ni na san amsar. An rufe fayil kafin zango ya ƙare, kamar yadda doka ta ce. Su ukun duka sun ci, Gwani ne ma ya fi kowa maki a kilinik ɗin shekarar. Ni na buga sakamakon da hannuna.